Sa Hannun Yaya

Ranar Talata

Zuwa ga uwargidana, ungozomar gobe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, kuma karatun nan bai ramar mini da ke ba. Yaya gajiyar asibiti? Mu nan lafiya lau. Inna ta ce in gaishe ki, ƙafarta ta yi sauƙi har ta koma faɗa da maƙwabta, kin san kuwa ita wannan ce alamar lafiyarta. 'Yan matanki biyu suna nan ƙalau, sai dai kitson da na gwada yi wa ƙaramar ya sa an yi mana dariya a makaranta, daga ni har ita.

Za ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali jiya muka yi waya. Maganar da zan yi ce ta ƙi fitowa ta baki. Sau uku ina ɗauko ta, da na ji kina dariya sai in mayar da ita, in tambaye ki ko kin ci abinci. Shekara goma sha ɗaya ina zaune a shagon nan ina rubuta wa mutane abin da suka kasa faɗa, suna biyana. Yau ni ma na koma layinsu.

Kin san zancen motar Yaya. Kamfanin dakon kayan da yake yi wa tuƙi zai sayar da tsofaffin motocinsa, kuma direbobin da suka daɗe za a fara yi wa tayi. Yaya ya zaɓi wadda yake ja shekara bakwai, wadda ya san tarinta da atishawarta. An ba shi zuwa ƙarshen watan gobe ya cika kuɗi. Rabi yana hannunsa, rabin kuma ya nema a banki. Ranar Alhamis ya tafi da wankakkiyar riga don ya ji amsa, sai aka ce masa ba za a ba shi ba, wai sunansa na cikin kundin waɗanda suka ci bashi suka ƙi biya. Ashe akwai ofishin da aikinsa ke nan, ajiye tarihin bashin kowa, kuma banki sai ya leƙa can kafin ya ba mutum ko sisi.

Daga bankin shagona ya yo kai tsaye. Ya zauna a kan benci, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Ni, bashi? Ni da ko cajar waya ba na ara?" Ya ce yarinyar da ta gaya masa ba ta kai 'yarsa ta fari ba, kuma a gaban mutane ta faɗa. Sannan ya ce, "Kai ne mai biro a gidan nan. Ka rubuta musu, ka rubuta da zafi, su faɗa mini ɓarawon da ya ci da sunana."

Duk wannan maganar yana yin ta ne bayansa na jingine da babban injin fotokwafin nan da ya mutu, wanda na rufe da zane nake ɗora takardu a kai. Uwargida, bashin na wannan injin ne. Ɓarawon da Yaya yake nema ni ne.

Na san abin da na gaya miki lokacin da aka kawo shi. Na ce kwangilar buga jarrabawar makaranta ce ta biya. Ƙarya na yi miki. Ki daure ki karanta har ƙarshe kafin ki yaga.

Tun rasuwar Baba, da Yaya ya fara tafiyar sati biyu sati uku, shi da kansa ya zaunar da ni ya koya mini sa hannunsa. Ya sa na cika shafi biyu har na iya jelar nan da yake ja a ƙarshe, ya duba ya ce, "Shi ke nan, hannunka hannuna ne." Da shi nake karɓar rasit na haya, da shi nake cike fom ɗin makarantar yaransa, da shi na sa aka kwantar da matarsa a asibiti ranar da yake can wata uwa duniya. Katinsa na shaida da takardun albashinsa duk suna aljihun teburina na biyu, makullin ma bai taɓa tambaya ba.

Bara waccan, da na ga aiki yana wuce ni zuwa shagon tsallake, na je wajen mai sayar da injinan nan da ake kira Sai-Gobe. Ya ce akwai kamfanin da ke biya wa mutum, shi kuma ya riƙa biyan su wata-wata, amma sai mai takardar albashi. Ni mai shago ina zan same ta? Ya kashe mini ido ya ce ba ni da ɗan'uwa ma'aikaci ne? Ban ɗora masa laifi ba, shi tambaya ya yi, ni na koma na buɗe aljihun tebur. Na sa sunan Yaya, na sa lambar wayata da adireshin shago, na ja jelar nan. Na ce wa kaina wata goma sha takwas ne, zan biya tsaf babu wanda zai ji.

Wata biyar na biya. A na uku injin ya fara fitar da baƙin layi, a na huɗu ya koma tauna takarda, a na biyar ya yi shiru. Na yi ta sintiri wajen Sai-Gobe, shi kuma yana ba ni amsar da ta sa aka raɗa masa sunan. Sai na daina biya. Ina cewa fushi ne ya sa, amma gaskiya fushin ya fi daɗin faɗa ne a kan babu. Takardun gargaɗin da suka riƙa aikowa, cikin aljihun takarda na injin nake cusa su, suna nan har yanzu guda tara.

Ban gaya masa ba. Na ce ya dawo jibi zan shirya wasiƙar. Ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya bar zumunci, ni kuma na amsa da amin.

Ki gaida abokan ɗakinki. Ki yi mini addu'a ko da kina fushi.

Naki,
Akawu


Ranar Lahadi

Uwargida,

Salamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, kuma jarrabawar da kika ce ta zo da sauƙi. Gida lafiya, yara suna gaishe ki.

Na ga saƙonki. Layi biyu ne, amma na fi awa ina karanta su. Kin ce in je in gaya masa yau, kada in jira gobe, maganar ƙaryar da na yi miki kuma sai kin dawo. Kin yi gaskiya. Yau kwana goma sha biyu ke nan, ban gaya masa ba.

Na je da niyya, wallahi na je. Na iske shi a ƙofar gida yana wanke tabarmin ƙasan motar da ba ta zama tasa ba tukuna. Matarsa ta leƙo ta ce ga lauyan gida ya iso, a kawo kujera. Na zauna, na sha ruwa, na yi zancen tsadar taya, na tashi.

Wasiƙar kuwa na rubuta ta. Da farko na so in yi ta sako-sako yadda ba wanda zai kula ta, amma hannuna ya ƙi. Kin san ni da aiki. Kafin in ankara na fito da wasiƙar da ban taɓa rubuta kamarta ba, shafi ɗaya da rabi, babu zagi babu roƙo, kowace magana a mazauninta. Da na karanta masa sai da ya sa na maimaita wurin da na ce shekara ashirin da biyu yana ɗaukar kayan mutane ba a taɓa neman ko kwali ɗaya an rasa ba. Ya juya fuska ya ce fankata tana jefa masa ƙura a ido.

Yarinyar bankin ce ta ba shi shawara ya kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu sayayya, don haka ranar Litinin ta satin da ya wuce muka tafi tare. Ofis ne a hawa na biyu, benci uku, fanka ɗaya mai ƙara, da wata mata mai tabarau a teburin ƙorafi. Ba ta da fara'a, amma tana saurare har mutum ya gama. Ta karanta wasiƙar ta tambayi wanda ya rubuta. Yaya ya nuna ni kamar mai nuna ɗansa da ya ci na ɗaya.

Ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce kowa yana da haƙƙin ya ga abin da aka rubuta a kansa a wancan kundi, kuma yana da haƙƙin ya musa. In ya musa, dole kamfanin da ya kai sunansa ya kawo takardar yarjejeniyar da aka sa wa hannu cikin sati uku. In sun kasa, a goge sunan. In sun kawo kuma ya tabbata ba hannunsa ba ne, nan ma a goge, sai dai maganar ta tashi daga bashi ta koma jabu, fayil ya wuce wajen 'yan sanda. Yaya ya ce madalla, haka yake so. Ni kuwa gumi ya jiƙa mini riga har sai da ta ce in matso kusa da fanka.

Ga abin da ya fi ba ni kunya, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa. Tun ranar, bayan kowace salla sai in sami kaina ina fatan takardar ta ɓace a ofishinsu. Ruwa ya ci ta, ko ɓera, ko wani malalacin ma'aikaci ya jefar. Ina ɗaga hannu in roƙi Allah ya rufa mini asiri, na kuma san sarai abin da nake nufi da hakan.

Da Yaya ya fita amsa waya, na matsa na ce mata ina da wani kwastoma da ya sayi inji biyan wata-wata, injin ya mutu a wata na biyar, mai shago ya ƙi gyarawa, shi kuma ya daina biya. Ta ce da ya rubuta ƙorafi tun garanti bai ƙare ba, da dole mai shago ya gyara, ko ya canza, ko a mayar da kuɗi, kuma da hukumar ta tsaya masa ba tare da ya biya komai ba. Ta ce amma mutum ya yi shiru ya daina biya, wannan kansa ya cuta, domin a takarda shi ne mai laifi. Sai ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Shi wannan kwastoman naka, duk zamansa da kai bai sa ka rubuta masa ba?"

Na rubuta wa mai gyaran takalmi ƙorafi a kan mitar wuta, na rubuta wa gwauruwar layinmu a kan fanshon mijinta, duk an biya su. Nawa ne kawai ban iya ba, saboda in na rubuta da sunan wa zan rubuta?

Yanzu abin ya ƙara caɓewa. Yaya ya yi kwafin wasiƙar yana yawo da ita a garejinsu, direbobi sai zuwa suke, wannan an cire masa kuɗi sau biyu, wancan an sayar masa da batir maras kyau. Cinikin da na yi a satin nan ban yi shi a wata biyu ba, kuma duk wanda ya shigo sai ya ce Yaya ne ya turo shi wajen ƙanensa mai gaskiya. Matarsa ta aiko da kwano har da nama a sama. Na ba yara, na ce cikina ne ba daɗi.

Sannan Yaya ya ɗora zarginsa a kan dattijon da ke raba musu takardar albashi a kamfani. Ya ce in ba shi ba wa ke taɓa takardunsa? Ya daina gaishe shi, har ya faɗa wa mutum biyu. Bawan Allah nan saura shekara ɗaya ya yi ritaya.

Saura kwana takwas sati ukun ya cika. Kada ki kira ni a kan wannan, in na ji muryarki ba zan iya ba.

Mijinki,
Akawu


Ranar Laraba

Uwargida,

Salamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya. Yau ba zan tsawaita gaisuwa ba, ki yafe mini.

Takardar ba ta ɓace ba. Sun kawo ta tun saura kwana biyu, a cikin leda, ko lanƙwasa babu. Shekaranjiya mai tabarau ta kira Yaya ta ce ya zo ya duba, shi kuma ya biyo ta shago ya ce in rufe mu tafi, yau za mu ga hannun ɓarawo.

Na shirya wa abubuwa da yawa a hanya. Na shirya ya daka mini tsawa, na shirya ya mare ni a gaban mutane, har na shirya kwana a bayan kanta. Abin da ya faru ban shirya masa ba.

Ta ajiye takardar a gabansa, ta sa yatsa a ƙasan shafi na uku. Yaya ya sunkuya. Ya daɗe yana kallo. Ya ciro lasisinsa na tuƙi ya ajiye a gefe, ya dubi wannan ya dubi wancan. Sai na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya ce, a hankali, "Hannuna ne."

Na ɗauka rufa mini asiri yake yi. Na dubi fuskarsa, sai na ga ba haka ba ne. Uwargida, Yaya ya yarda shi ya sa hannun. Ko kusa tunaninsa bai zo kaina ba, ni da nake zaune gwiwata na taɓa tasa. Ya fara magana shi kaɗai, wai ko a gareji aka miƙo masa cikin wasu takardu ya sa bai karanta ba, wai dama kwanan nan yakan ajiye makulli ya manta, wai ran nan ya wuce mahaɗar da yake bi shekara da shekaru sai da ya yi nisa ya tuna. Ya ce in mutum zai sa hannu a bashin inji guda ya manta, to bai kamata a bar shi da babbar mota a kan titi ba. Sannan ya miƙe, ya cire hula, ya ce wa matar, "Ranki ya daɗe, ki yi haƙuri, na ɓata miki lokaci. Na kuma zargi mutumin da bai ci mini komai ba. Zan biya."

Ya juyo gare ni ya ce, "Kai ma ka yi haƙuri, na sa ka rubuta ƙarya."

Ban san lokacin da na zame daga kan benci ba. Na ji dai gwiwoyina a kan siminti, na ji bakina yana cewa Yaya ƙwaƙwalwarka lafiya lau, ni ne, ni na sa, injin yana shagona, shi kake jingina da shi kullum. Akwai mutum shida ko bakwai a ofishin masu jiran layi, har da wata mai goyo.

Yaya ya sake ɗaukar takardar ya duba, kamar yana neman inda na yi kuskure ko da ɗigo ɗaya ne. Babu. Shi ya koya mini, kuma na koya da kyau.

Mai tabarau ta sa aka fitar da mutane ta rufe ƙofa. Ta ce in tashi, nan ba kotu ba ce. Ta ce ta so ta gane tun ranar da na kawo mata zancen kwastoma, da takardar ta zo kuma ta tabbata, domin lambar wayar da ke kan yarjejeniyar ita ce a saman wasiƙar da na buga, a ƙarƙashin sunan shagona. Kin ga wayon mijinki. Ta tambayi Yaya ko yana so a tura fayil gaba, ta ce haƙƙinsa ne, ba mai hana shi. Ya ɗauki lasisinsa ya mayar aljihu. Daga baya ya ce, "Uwarmu tana da hawan jini." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Ta sa na rubuta bayanin abin da na yi da hannuna, na sa hannu, nawa na kaina. Sai da na tsaya na tuna yadda nake yin sa, don rabon da in sa shi a takarda mai muhimmanci na manta.

Da muka sauko na ɗauka gida za mu. Ya tare mota ya ce in shiga. Kamfaninsu muka je, ofishin dattijon nan mai takardar albashi. Yaya ya tsaya a gabansa ya ce ya zarge shi a kan abin da bai yi ba, ya ɓata masa suna wajen mutum biyu, ya zo neman gafara, kuma zai koma wajen mutum biyun ya gyara. Dattijon ya ce to wa ya yi? Yaya ya matsa gefe ɗaya ya bar ni a tsaye. Na faɗa da bakina. Tsohon ya dube ni ya ce, "Kai ne mai wasiƙar nan? Kai, amma ka iya rubutu." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Inna ba ta sani ba, Yaya ya ce kada ta ji. Matarsa ta sani. Jiya na gamu da ita a bakin famfo, ta amsa gaisuwata cikin mutunci, ta kira ni da Akawu. Lauyan gida ya tafi.

Direbobi ba su daina zuwa ba tukuna, labari bai kai musu ba, ko kuma Yaya bai bari ya kai ba. Ban san wanne ya fi ba.

Ki gaida kowa.

Akawu


Ranar Asabar

Zuwa ga uwargidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina kuma yi miki murnar haihuwar farko da kika karɓa da hannunki. Allah ya raya, ya sa hannun naki ya zama na alheri. Yara sun ce a gaya miki saura sati biyar suna ƙirgawa, ni ma ina ƙirgawa, ko da yake na san akwai shari'ar da ke jirana. Na gode da kika ce kin ji tausayina. Na lura ba ki ce kin huce ba, ban kuma nema ba.

Ga yadda aka ƙare. Mai tabarau ta tara mu da wakilin kamfanin bashin, da kuma Sai-Gobe. Ta ce laifina nawa ne, amma su ma doka ta ɗora musu su ga mutum ido da ido kafin su ɗaura masa bashi, ba su yi ba, don haka ba su da bakin riƙe sunan Yaya ko na kwana ɗaya. Sai-Gobe ya fara rantsuwa bai san komai ba. Ta tambaye ni ko ina da wata shaida cewa na kai kukan injin kafin garanti ya ƙare. Ashe saƙonnin da na riƙa tura masa ta waya suna nan, da amsoshinsa, goma sha huɗu, kowace da gobe a ciki. Ta karanta su ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, har wakilin kamfanin ya kasa riƙe dariya. An ba Sai-Gobe sati biyu ya gyara injin ko ya canza. An yafe tarar jinkiri, an mayar da ragowar bashin kaina, zan biya cikin wata goma sha huɗu. Sunana ne yanzu a kundin, kuma zai zauna har in gama. Wannan bai dame ni ba, wurinsa ke nan.

An goge na Yaya, an ba shi takardar shaida mai hatimi, banki ya amince ana saura kwana huɗu wa'adin motar ya cika. Jiya aka kira shi sa hannu.

Da safe sai ga shi a ƙofar shago. Rabon da ya tako nan tun ranar. Bai shigo ba, daga waje ya ce in zo in karanta masa takardun, shi ƙananan rubutun nan suna ba shi wahala, kuma ya ji an ce kada mutum ya sa hannu a abin da bai fahimta ba. Uwargida, da kin ga yadda na rufe shagon nan, ko kwamfuta ban kashe ba. A hanya har ya tambaye ni lafiyar yara, ya ce taya biyu na baya sai ya canza. Na ce a raina, shi ke nan, Yaya ya sauko.

Shafi goma sha ɗaya ne, na karanta masa su duka, layi-layi. Na gano wani kuɗin inshora da aka sa sau biyu, na nuna, manajan ya ba da haƙuri ya gyara. Na tambayi abin da zai faru in ya biya kafin lokaci, na sa aka rubuta amsar a jiki. Yaya yana ta gyaɗa kai. Da na gama ya ce, "Madalla. Allah ya yi albarka." Manajan ya miƙo biro, ya ce ya sa irin sabon sa hannun da ya ba su ranar Litinin.

Ban san ya canza ba sai a lokacin. Ya jawo takardar gabansa, ya ɗan juya mini kafaɗa, ya sa tafin hannunsa na hagu ya kare, kamar yadda yara ke yi a ɗakin jarrabawa. Ba da fushi ya yi ba, ko kallona bai yi ba. Wuri huɗu ya sa hannu, sau huɗu yana karewa, ni kuma ina zaune a gefensa ina kallon kalandar bango har ya gama.

Da muka fito ya saya mini lemo mai sanyi. Ya ce gobe zai aiko a karɓi takardunsa da ke aljihun teburina, matarsa ta sayi akwati mai makulli. Na ce to. Na haɗa su tun jiya, na sa a ambulan.

Motar tana ƙofar gidansa yanzu, Inna sai guɗa take tana cewa 'ya'yanta biyu sun haɗa kai sun yi abin arziki. Ki gaida malamanku da abokan karatu. Ki kula mini da kanki, ki riƙa cin abinci.

Mijinki,
Akawu